BAKWAINI DA KARATUN MAKARANTA

Kalmar bakwaini ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. A nan Mairuwa da ƙauyukan da ke kewaye da mu, da wuya a sami zuriyar da ba a taɓa haifar ɗan da bai cika watanninsa ba. Amma abin da na lura da shi shi ne, muddin yaron ya tsallake arba'in, ya yi kumari, ya fara rarrafe, to, an manta da zancen ke nan. Ba a sake tuna cewa bakwaini ne sai in za a yi masa tsiya, a ce, "Kai dai gaggawarka ta yi yawa, tun a ciki ba ka iya jira ba." Ranar da za a kai shi makaranta kuwa, babu mai gaya wa malami, malami ma ba ya tambaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ina so 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu mu duba wannan tambaya tare: shin haihuwar yaro kafin lokaci tana taɓa karatunsa bayan ya girma? In kuwa tana taɓawa, ta ina, kuma me za a yi?

Bari mu fara da sanin wane ne bakwaini a wurin likitoci, domin lissafinsu ya ɗan sha bamban da na tsofaffinmu. Mu da wata muke ƙirga ciki, su kuwa da mako. Cikakken ciki mako 40 ne, watau wata tara da 'yan kwanaki. Duk jaririn da ya fito kafin a cika mako 37, to, bai isa haihuwa ba, ko da kuwa ba a wata na bakwai ya zo ba. Sun kuma kasa su kashi uku. Akwai waɗanda aka haifa kafin mako 28, su ne mafi rauni duka. Akwai 'yan mako 28 zuwa 32, waɗanda su ne ainihin bakwainin da muka sani. Sa'an nan akwai 'yan mako 32 zuwa 37, su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawansu ko a gida ba a gane cewa sun riga lokacinsu ba, sai dai a ce yaron ƙarami ne.

Na sha jin tsofaffi suna cewa ɗan wata bakwai yakan rayu, ɗan wata takwas ne ba ya rayuwa. Wannan magana tsohuwa ce ƙwarai, har likitocin Girka na zamanin da sun rubuta ta. Amma da aka zo aka ƙirga, sai aka ga ba haka ba ne. Kowane mako guda da jariri ya ƙara a cikin uwarsa riba ce gare shi, ɗan wata takwas kuwa ya fi ɗan wata bakwai ƙwari.

Abin ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13 da dubu 400 kafin lokaci, watau wajen ɗaya cikin kowane goma. Nijeriya ce ta zo ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai sama da dubu 770. In muka bi wannan ma'auni, ajin da yake da yara sittin ba zai rasa uku ko huɗu ba, ko bayan an cire waɗanda Allah ya karɓi abinsa tun suna cikin tsumma. Ka waiwaya a ajinku, mai yiwuwa wanda kuke zama benci ɗaya da shi yana cikinsu, mai yiwuwa ma kai ne.

To, me ya haɗa ranar haihuwa da allon makaranta? Ƙwaƙwalwa ce. Watanni ukun ƙarshe na ciki su ne lokacin da ƙwaƙwalwar jariri take girma da sauri, jijiyoyinta suna haɗuwa da juna kamar yadda masaƙi yake haɗa zare. Ɗan mako 34, nauyin ƙwaƙwalwarsa bai wuce kashi biyu cikin uku na ta wanda ya cika lokaci ba. Sauran kashi ɗayan a waje zai yi shi. A ciki yana cikin ɗumi, abinci da iska suna zuwa masa ta cibiya ba tare da ya motsa ba. A waje kuwa ga sanyi, ga huhun da bai nuna ba, ga baki ba ƙarfin tsotso, ga ƙwayoyin cuta a hannun duk wanda ya ɗauke shi. Kamar ginin da aka yaye wa rumfa ne tun laka ba ta bushe ba. Zai iya tsayawa da kyau, amma ruwan da ya doke shi a wannan lokaci yakan bar alama.

Turawa sun bi diddigin irin waɗannan yara shekara da shekaru don su ga alamar. A 1995 likitocin Ingila da Ailan suka rubuta sunayen dukan jariran da aka haifa kafin mako 26 cikin wata goma na wannan shekara, suka sa wa binciken suna EPICure. Da yaran suka kai shekara 11 aka gwada 219 daga cikinsu, aka kwatanta su da 'yan ajinsu. Aka tarar kashi 13 cikin 100 suna makarantun musamman na masu naƙasa. Malamansu suka ce rabinsu ba su kai matsakaicin aji ba, alhali a cikin sauran 'yan ajin kashi 5 cikin 100 ne kaɗai aka faɗi haka a kansu. Sun ja baya a karatun baki, amma inda suka fi ja baya shi ne lissafi.

Kada wannan ya tsorata kowa, domin akwai wani binciken da ya duba abin ta wata fuska. A Jihar Fulorida ta Amurka an haɗa takardun haihuwa da na makaranta na yara sama da miliyan ɗaya da dubu 300, waɗanda aka haifa tsakanin 1992 da 2002, aka bayyana sakamakon a 2017. A cikin 'yan mako 23 da 24, waɗanda ƙanƙantarsu ta kai ka ɗora su a tafin hannu, kusan kashi biyu cikin uku sun isa shiga makaranta a kan lokaci tare da sa'o'insu. Har an sami kusan biyu cikin ɗari da aka sa su cikin ajin masu hazaƙa ta musamman. Waɗanda suka ɗara su da 'yan makonni kuwa, ratar da ke tsakaninsu da sauran yara ba ta taka kara ta karya ba. Mu da muke karanta kimiyya mun san Isaac Newton, mai dokokin motsi da muke haddacewa. An haife shi a 1642 kafin lokacinsa, har aka ce mahaifiyarsa ta ce da an sa shi cikin moɗa da ya shige. Mutum ɗaya ba ya rushe ƙididdiga, na sani, amma ya isa ya toshe bakin mai cewa bakwaini ba ya lissafi.

Abin da waɗannan bincike biyu suka haɗu a kai shi ne, haihuwa kafin lokaci tana ƙara yiwuwar yaro ya sha wuya a makaranta, kuma gwargwadon saurin fitowarsa gwargwadon yiwuwar. Amma ba hukunci ba ne da aka yanke wa kowane yaro.

Akwai kuma bambanci tsakanin can da nan wanda dole a faɗe shi, ko da yake ba shi da daɗin ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan ƙasa da mako 28 suna rasuwa cikin kwanakin farko, a ƙasashe masu arziki kuwa ba su kai kashi 10 ba. Don haka irin yaran da aka bincika a Ingila ba su cika kai wa ga ƙofar makarantunmu ba. Namu da suke rayuwa galibi 'yan mako 32 zuwa sama ne. Waɗannan ba guragu ba ne, ba bebaye ba, suna wasan langa da kowa. Matsalarsu in akwai ta ƙarama ce, kuma ɓoyayyiya. Ƙanƙantar tata ce ma take sa a ƙi ganinta, a kira ta da wani suna: lalaci, ko daƙiƙanci, ko taurin kai.

Bari in ɗan tsaya a kan lissafi, tun da shi ne ƙashin bayan maganar. Ka ɗauki 47 a tara da 38. Malam ya ce 7 da 8 sun zama 15, ka rubuta 5 ka riƙe 1. Ina za ka riƙe wannan ɗayan? A ka. Kana riƙe da shi kana tara 4 da 3, kana kuma tuna cewa goma-goma ne, kana kuma lura kada lambar ta zame daga layinta. Wannan riƙo na ɗan lokaci, da kuma gane wurin da abu yake a kan takarda, wane ne sama wane ne ƙasa, wane ne dama wane ne hagu, su ne masana suka ga sun fi yin rauni ga yaran da aka haifa da wuri. Yaron ya san 7 da 8. Abin da yake kuɓuce masa shi ne ɗayan da aka ce ya riƙe. Lissafi kuwa tsani ne. Wanda bai taka matakin tarawa da kyau ba, ninkawa za ta ba shi wuya, rabawa ta gagare shi, kafin a kai ga aljabara ya riga ya sallama. Mun kuma san cewa a ƙasar nan in ba ka ci lissafi da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ƙofofi da yawa na gaba da sakandare a rufe suke.

Abu na biyu shi ne tattara hankali. Kowa ya san yaro mai ƙiriniya, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Shi malami ba ya mantawa da shi. Amma rashin tattara hankali na bakwaini galibi ba mai hayaniya ba ne. Yana zaune shiru, ya zuba wa allo ido, hankalinsa kuwa ya tafi. In aka ce, "Ku ɗauko littafi, ku buɗe shafi na 20, ku yi tambaya ta ɗaya zuwa ta biyar," sai ya ɗauko littafin ya tsaya yana duban na kusa da shi, domin sauran umurnin ya zube a hanya. Da yawansu kuma suna da kunya da tsoron shiga mutane, ba za su ɗaga hannu su ce ba su gane ba. A ajin da malami ɗaya yake fama da yara tamanin ko ɗari, wasu a kan benci wasu a ƙasa, wa zai lura da mai shiru? Ko a Ingila da aka tambayi malamai a wani bincike na 2015, galibinsu ba a taɓa koya musu kome a kan irin waɗannan yara ba, kuma abin da suka fi jahilta shi ne zancen lissafin nan.

Sai ido da kunne. Jijiyoyin jini na bayan ido ba sa gama tsirowa sai dab da haihuwa. In jariri ya fito da wuri, musamman in an sa masa iskar taimakon numfashi ba bisa awo ba, sukan yi tsiro barkatai har su jawo makanta. Abin da ya makantar da mawaƙin nan na Amurka, Stevie Wonder, ke nan, wanda aka haifa a 1950 saura mako shida. Shi ya sa ake son likitan ido ya duba ƙaramin bakwaini kafin ya cika wata guda. Waɗanda ba su makance ba ma sun fi sauran yara yawan rashin ganin nesa da harara garke. Kunne kuwa, babban abokin gabansa shi ne shawara. Hantar bakwaini ba ta gama ƙwari ba, don haka idonsa da jikinsa sukan yi rawaya cikin makon farko, in abin ya yi tsanani ya haura ƙwaƙwalwa ya kashe jijiyar ji. Yaron da ba ya ji sosai ba zai iya magana da wuri ba, wanda bai iya magana ba kuwa yaya zai iya karatu?

Na ga wani abu mai kama da wannan a gidanmu. Ɗan yayata an haife shi cikin hunturu, cikin yana wata bakwai da 'yan kwanaki. Yanzu yana aji uku a firamare. Tun yana aji ɗaya rubutunsa ba ya bin layi, abin da aka rubuta a allo kuma rabi yake kwafowa. Wani malami ya sha dukansa a kan haka, har yaron ya fara ɓuya a bayan rumbu in gari ya waye. Kakarsa ce ta lura cewa in aka aike shi ya kira wani daga nesa, sai ya matsa kusa ƙwarai kafin ya gane mutumin. Aka kai shi aka auna idonsa, aka ba shi tabarau. Ba zan ce ya zama na ɗaya ba, lissafi har yau sai an zauna da shi da tsakuwa ana ƙirgawa. Amma ya daina ɓuya, kuma karatun Hausa ya fi da yawa daga cikin 'yan ajinsu. Shekara biyu aka yi ana dukan yaro a kan abin da gilashi biyu suka gyara.

Yanzu sai mu koma baya, domin rabin abin da zai faru a aji tun a ɗakin mai jego ake shuka shi.

Abu na farko ɗumi. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe zafin jiki. Iyayenmu na da sun san haka. Kakata ta ce a zamaninsu naɗe shi ake yi cikin auduga, abin da ƙasar Funtuwa ba ta taɓa rasawa ba, a hura wuta a ɗaki, a hana mutane shiga. Sun yi daidai a kan ɗumi da hana shiga, ko da yake hayaƙin itace ba ya yi wa ɗanyen huhu kyau. A asibiti kuma akwai kwalba, amma kwalba tana son wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Daga nan Mairuwa sai a nufi Babban Asibitin Funtuwa, in abin ya fi ƙarfi a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Katsina. Kowa kuma ya san yadda rashin tsaro ya mai da tafiyar dare a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara cikin shekarun da suka wuce, naƙuda kuwa ba ta jiran gari ya waye.

Irin wannan ƙarancin kwalba ne ya sa wani likita, Edgar Rey, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, ya fito da wata dabara a 1978. Sai a tuɓe jariri, a bar masa hula da ƙyallen tsuguno kaɗai, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonon uwarsa, fata ta taɓa fata, a ɗaure da zane, uwar ta rufa da riga. Jikinta ya zama kwalbarsa, ga nono kusa. Suka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabba ta Ostareliya da take ɗaukar ɗanta cikin jaka a cikinta. Mu da matanmu suka gaji goyo, ai wannan ba sabon abu ba ne, goyo ne aka mai da shi gaba aka cire tufa a tsakani. An gwada fara shi nan take bayan haihuwa a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya, inda aka yi namu a Ile-Ife, a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa yin sa tun daga haihuwa, sa'a 8 zuwa 24 a yini. In uwa ta gaji, ko ta shiga wankan jego, uba ko kaka ko gwaggo duk suna iya karɓa. Na san wasu iyaye maza za su yi dariya, amma ƙirji ƙirji ne a wurin jariri. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a Bogota an koma an nemo yaran da aka goya haka bayan shekara 20, aka ga sun fi waɗanda aka reno a kwalba kaɗai ƙarancin fashin makaranta da ƙarancin faɗa da rawar kai.

Na biyu nono. Dakashin farko da wasu suke matsewa su zubar, wai ba shi da kyau, shi ne maganin farko na jariri. In ba ya iya tsotso, sai a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta kaɗan-kaɗan, dare da rana, ko yana barci a tashe shi. Ruwa da jiƙe-jiƙe ba su da wuri a cikinsa. Kuma tun da sinadarin ƙarfe da ke gina jini a watannin ƙarshe jariri yake tara shi, bakwaini yakan fito da guzuri kaɗan, sai a nemi ma'aikatan asibiti su rubuta masa na ɗigawa. Ƙarancin jini da tamowa su kansu suna dakushe ƙwaƙwalwa, balle su haɗu da wadda ba ta gama nuna ba.

Na uku, ina roƙon iyayenmu da girmamawa su sassauta wasu al'adu ga irin wannan jariri. Wanka da sassafe cikin hunturu, da yawo da shi hannu-hannu ranar suna, da askin wanzami da cire beli, duk suna iya jawo sanyi ko zubar jini ko shigar cuta. Ana iya yanka rago a raɗa suna yaron yana ƙirjin uwarsa. Kafur da ake sa wa cikin kayan jarirai shi ma a nisanta shi, domin yana fasa jinin wasu yara ya tsananta shawara. In an ga ido ya yi rawaya, a duba shi da hasken rana, a kai shi asibiti ran nan, inda ake sa su ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Jira a ga ko zai washe da kansa shi ne yake cin kunnen yaro.

Ba kullum ake sanin abin da ya jawo haihuwa da wuri ba, kuma ba laifin uwa ba ne, kada a ɗora mata. Amma akwai sanannun dalilai: zazzaɓin cizon sauro, hawan jini da jijjiga, ciwon sanyi, ƙarancin jini, tagwaye, ɗaukar ciki da ƙuruciya ƙwarai, da kwanika. Mu da muke zaune kusa da madatsar ruwa ba sai an gaya mana labarin sauro ba. Zuwa awo, da shan maganin rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa can, da kwana cikin gidan sauro, suna rage kaso mai yawa. In kuma naƙuda ta taso kafin lokaci aka isa asibiti da wuri, akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun jaririn ya yi saurin nuna.

Bayan yaro ya rayu, sai a gyara yadda ake ƙirga shekarunsa. Wanda aka haifa saura wata biyu, in ya kai wata shida, a auna shi da ɗan wata huɗu. Haka likitoci suke yi har ya shekara biyu. Don haka in ɗan maƙwabta ya riga shi zama ko tafiya, ba abin tashin hankali ba ne. Amma in an cire waɗannan watanni kuma har yanzu ba ya waiwayar sauti, ko ba ya bin abu da ido, ko wani sashe na jikinsa a sanƙare yake, to, a nemi likita.

Gida kuma yana da nasa rabo babba. A Bavariya ta ƙasar Jamus an bi yaran da aka haifa a 1985 da 1986, aka ga cewa ƙananan bakwainin da iyayensu suke sauraronsu, suna koya musu abu cikin haƙuri suna 'yan shekara shida, sun fi cin nasara a makaranta da suka kai 13. Wannan ba ya bukatar kuɗi ko boko. Tatsuniya da dare, kacici-kacici, a sa yaro ya ƙirga awaki in sun dawo kiwo, ya raba ƙuli-ƙuli tsakanin ƙannensa, ya faɗi canjin da ya rage in an aike shi, duk darasi ne. Mu yayye da muke sakandare mu ne ya kamata mu ɗauki wannan, tun da mun san abin da ke jiransu a gaba.

Sa'an nan kada ƙanƙantar jiki ta sa a tsare shi a gida. A da, in za a ɗauki yaro makaranta, sai a ce ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa. Da wannan awo bakwaini zai daɗe yana jira, alhali shi ya fi kowa bukatar ya fara da wuri, ya kuma riƙa zuwa ba fashi. Mun ga yadda aka rufe makarantu bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Hutu irin wannan kowa yana cutarsa, amma mai saurin ganewa yakan kamo, wanda yake hawa tsanin lissafi da ƙyar shi ne yake zamewa ƙasa.

Ranar da za a rubuta sunansa, uba ko uwa su gaya wa hedimasta da malamin aji cewa yaron nan bai cika watanninsa ba, ga abin da ya same shi yana jariri. In akwai katin asibiti a ajiye shi kamar takardar gona. Wasu suna ɓoyewa don gudun tsegumi, musamman in ɗan fari ne da ya zo wata bakwai bayan biki, alhali malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne. Wasu kuma suna tsoron kada yara su mai da abin sunan tsokana. Wannan tsoro yana da dalili, don haka maganar ta tsaya tsakanin iyaye da malami.

Malamanmu kuwa, Allah ya saka musu, abin da ake nema gare su bai fi ƙarfinsu ba ko a cikin cunkoso. A zaunar da yaron a layin gaba. A ba shi umurni ɗaya, ya gama, kana a ba shi na biyu. Ɗayan da ake cewa a riƙe a ka, a bar shi ya rubuta shi a gefe, ko ya ajiye tsakuwa. A ba shi takarda mai gida-gida don lambobi su tsaya a layinsu. In ya yi shiru, a tambaye shi ya maimaita abin da aka ce kafin a ɗauko bulala. A kuma gwada idonsa da kunnensa tun zangon farko, abin da malami zai iya farawa da kansa: ya rubuta haruffa a allo, ya tsayar da yaron a bayan aji, ya rufe masa ido ɗaya ya ce ya karanta, sa'an nan ya koma bayansa ya kira sunansa a hankali. In ya ga alamar shakka, sai ya rubuta wa iyayen 'yar takarda su kai shi asibiti a auna shi sosai.